Madubi da Rumbu: Waiwaye Kan Kwafo Fayiloli Daga Nesa

A ranar 1 ga Maris na shekarar 2017 masu kula da taskar da ake ajiye tushen manhajar Linux suka rufe ƙofarsu ta FTP, a ranar 1 ga Nuwamba na wannan shekarar ƙungiyar Debian ta bi sahunsu, sannan a 2021 manhajojin shiga intanet na Chrome da Firefox suka cire wannan hanya daga jikinsu baki ɗaya, kuma duk wannan ya wuce ba tare da yawancin masu amfani da kwamfuta sun san an yi wani rashi ba. FTP wata ƙa'ida ce ta tura fayil daga wata kwamfuta zuwa wata, wadda Abhay Bhushan ya fara rubuta bayaninta a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka a 1971, ta kuma yi wa duniya dako na tsawon shekara hamsin. Tare da ita wani abu da idon tsofaffin ma'aikata ya saba da shi ya ja baya, wato dogon jerin sunayen ƙasashe da jami'o'i da ake shimfiɗa wa mai son sauke manhaja, ana roƙonsa ya zaɓi madubin da ya fi kusa da garinsu. Madubai ba su mutu ba, domin har yau Debian da takwarorinta suna da su da yawa a nahiyoyi daban-daban, sai dai sun ɓuya a bayan labule, na'ura ce ke yin zaɓin a madadin mutum, shi kuwa bai san daga wane gari kayansa suka fito ba.

Uwar garke, wadda wasu ke kira sabar, kwamfuta ce da ba ta kwana, wadda aka ajiye domin ta riƙa yi wa wasu kwamfutoci hidima, ko da kuwa tsakaninta da su akwai teku. Madubi kuwa, a bakin masu wannan sana'a, shi ne wata kwamfuta ko wani faifan ajiya da aka ɗora wa aikin kwaikwayon uwar garke, ta yadda duk fayil da ya bayyana a can zai bayyana a nan, duk wanda aka gyara a can za a gyara shi a nan, duk wanda aka goge a can kuma za a goge shi a nan. Ajiyar ko-ta-kwana wani abu ne daban, domin ita kwafi ce ta yadda fayiloli suke a wata rana da ta wuce, wadda ake killacewa don a koma gare ta idan na yau sun lalace. Da yake manhaja ɗaya takan yi ayyukan nan biyu, kuma umarnin da ke bambanta su bai wuce 'yan haruffa ba, mutane da yawa sun ɗauke su abu guda, alhali bambancinsu kamar na madubi ne da rumbu: madubi yana nuna fuskar da ke gabansa a yanzu, ko mai kyau ko mai rauni, rumbu kuwa yana riƙe hatsin bara har ranar da gonar bana ta ƙi.

Ƙarancin hanya ne ya haifi madubai. A shekarun 1990 layukan da suka haɗa nahiyoyi ƙanana ne masu tsada, kuma mai modem mai gudun kilobit 28.8 a daƙiƙa yakan jira kusan minti biyar kafin megabayit ɗaya ya iso, yana sauraron ƙarar nan mai kama da kukan gyare da tsatsar ƙarfe wadda na'urar ke yi idan tana neman layi. Saboda haka jami'o'i suka ga ya fi sauƙi a ɗauko kaya sau ɗaya a ƙetare, a ajiye a gida, sauran jama'ar yankin su ɗiba daga nan. Uwar garken cibiyar sadarwar jami'o'in Finland ce ta fara karɓar Linux a 1991, Jami'ar North Carolina ta buɗe taskarta mai suna SunSITE a 1992, a kwalejin Imperial da ke Landan kuma Lee McLoughlin ya rubuta wata manhaja da harshen Perl wadda aikinta shi ne ta leƙa taskar FTP ta nesa, ta gwada jerin fayilolinta da na gida, ta janyo waɗanda suka sauya. Aikin yana da ladubbansa, waɗanda na gaba ke koya wa na baya: ba a jan manyan fayiloli a lokacin aikin masu gida, sai dare ya raba a garinsu, baƙo yakan rubuta adireshinsa na imel a gurbin kalmar sirri, tamkar mai sallama a ƙofar zaure, wanda kuma yake son ya zama madubin wata taska yakan nemi izinin mai ita tukuna. Linus Torvalds da kansa, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya taɓa nuna a 1996 cewa shi bai dogara da kaset wajen ajiyar bayanansa ba, abin da yake yi shi ne ya ɗora muhimman ayyukansa a FTP, sauran duniya su kwafe, kuma maganar ta tsaya ne a kan amanar da ke tsakanin mutanen da galibinsu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Ajiyar ko-ta-kwana a wancan zamani aikin hannu ce da ƙafa. Ɗakin na'urori yana da sanyin da ke ratsa ƙashi saboda na'urar sanyaya iska, yana da gunjin fankoki da ba ya yankewa dare da rana, da ƙananan fitilu kore masu ƙyaftawa, da kuma shewar na'urar kaset idan tana naɗe zarenta. Umarnin tar, wanda ya zo tare da manhajar Unix a 1979 kuma har yau ake amfani da shi, sunansa ma daga taskar kaset aka gutsuro shi. Ma'aikaci yakan rubuta sunan rana da biro a jikin kowane kaset, daga Litinin zuwa Alhamis, ya ware na Juma'a a matsayin na mako, ya ware na ƙarshen wata a matsayin na wata, tsarin da suka raɗa wa suna kaka da uba da ɗa, domin ɗa ana sake rubutu a kansa bayan mako guda, uba yakan kai wata, kaka kuwa yakan shekara a cikin akwatin ƙarfe, wani lokaci a wani gini dabam ko a ma'ajiyar banki. Wanda ya yi wannan aikin ya san nauyin bayanan ma'aikatarsa a tafin hannunsa, ya san shiryayyen da suke kai, ya san wanda ke riƙe da makulli. Manyan sana'ar sukan jaddada wa sababbin shiga cewa ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba ba ajiya ba ce tukuna, abin da Bahaushe ya riga ya taƙaita da cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban juyi ya zo ne daga Ostareliya, ƙasar da nisanta ya sa ta san zafin siririn layi. A watan Yuni na 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras na Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Canberra suka fitar da manhajar rsync, wadda ta warware wata tsohuwar matsala: idan babban fayil yana nan kuma yana can, amma an sauya layi biyu kacal a cikin na can, ta yaya za a daidaita su ba tare da an sake turo dukan fayil ɗin ba, alhali babu kwamfutar da ke ganin duka biyun a lokaci guda? Dabarar ita ce, mai karɓa ya yanka tsohon kwafinsa gunduwa-gunduwa, ya lissafa wa kowace gunduwa lambobi biyu na shaida, ɗaya mai saurin lissafi amma mai rauni, ɗaya mai ƙarfi, ya aika wa mai turowa waɗannan lambobi kawai. Shi kuma mai turowa sai ya bi nasa fayil ɗin harafi bayan harafi yana neman inda lambar farko ta dace, idan ta dace ya tabbatar da ta biyu, daga nan ya turo abin da bai samu irinsa ba kaɗai, tare da bayanin inda za a jera tsofaffin gunduwoyi. Wannan ya yi kama da muƙabalar da malaman da ke kwafe littafi da hannu suke yi, inda ɗaya ke karanta asali ɗaya na bin kwafi ana gyara inda aka saɓa, sai dai a nan ba a karanta shafin duka, hatiminsa kawai ake gwadawa. Aikin da a da yake cinye dare guda sai ya koma na 'yan mintuna.

Sauran kayan aiki suka taru a kan wannan tushe. Tatu Ylönen na ƙasar Finland ya fito da SSH a 1995, wato hanyar da ke kulle zance tsakanin kwamfutoci biyu ta yadda mai laɓe a kan layi ba zai karanta kalmar sirri ba, abin da FTP ta asali ba ta yi, kuma wannan rauni na daga cikin dalilan da suka sa aka yi ritayarta. Agogon Unix mai suna cron yakan tayar da aikin da ƙarfe biyu na dare ba tare da kowa ya farka ba, da safe kuma ma'aikaci ya tarar da rahoto a akwatin saƙonsa. A farkon shekarun 2000 aka yaɗa dabarar ajiye hoton kowace rana daban ba tare da cika faifai ba, ta hanyar sa fayil ɗin da bai sauya ba ya amsa sunaye da yawa alhali jikinsa ɗaya ne, dabarar da manhajar rsnapshot ta ɗauka, wadda kuma kamfanin Apple ya kai wa talakan mai kwamfuta a 2007 da sunan Time Machine. Amazon ya buɗe hayar ma'ajiyarsa ta S3 a 2006, Dropbox ya fito ga jama'a a 2008, Google Drive a 2012, har aka wayi gari mai sayar da kaya a kasuwa wanda wayarsa ta faɗa ruwa yana sayen sabuwa ya tarar da lambobin abokan cinikinsa da hotunan 'ya'yansa sun dawo, bai taɓa jin sunan rsync ba, bai kuma buƙaci ya ji ba.

Wannan riba ce babba, kuma duk mai kewar zamanin kaset ya kamata ya tuna cewa zamanin ya cinye dukiyar mutane da yawa. Kaset yakan tsinke, danshi yakan ci shi, na'urar karanta shi takan ɓace daga kasuwa ya zama gawa a cikin akwati, ma'aikaci yakan manta bai sauya na Laraba ba har mako ya zagayo, kuma galibin mutane ba su da wata ajiya ko kaɗan, faifan fulofi mai ɗaukar megabayit 1.44 shi ne iyakar garkuwarsu. A 1998 wani umarnin gogewa da aka bayar bisa kuskure a kamfanin Pixar ya share kusan kashi casa'in cikin ɗari na fim ɗin Toy Story 2, da aka koma ga ajiyar kaset sai aka tarar ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata ba tare da kowa ya lura ba. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne kwamfutar wata shugabar sashen fasaha wadda ke aiki daga gida saboda jego, wadda ake kwafo mata fayiloli daga uwar garken kamfanin lokaci zuwa lokaci. Madubi ne ya yi ceton, amma madubi ne mai nawa, wanda labarin ɓarnar bai riga ya isa gare shi ba.

A nan ne hasarar farko ta sabon zamani take, domin tazarar da ke tsakanin asali da kwafi, wadda injiniyoyi suka shekara talatin suna ƙoƙarin rufewa, ita ce take ba mutum damar ya farga kafin kuskure ya yaɗu. A watan Maris na 2013 faifan babbar uwar garken ƙungiyar KDE, mai ɗauke da taskokin manhaja kusan 1,500, ya lalace bayan an kashe ta an kunna domin gyara, madubanta kuwa, da yake an gina su a kan biyayya, suka kwafe lalatattun fayiloli a kan lafiyayyun da suke da su cikin ƙanƙanin lokaci. Madubi ɗaya tak ya tsira, shi ma don ya nemi uwar garken a daidai lokacin da ba ta amsawa, ya dawo hannu rabbana. A watan Disamba na 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta rasa kimanin terabayit 77, wato fayiloli kusan miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike goma sha huɗu, kuma mai ɓarnar ba ɓarawo ba ne, jerin umarnin ajiyar ne da kansa, wanda aka sabunta yana tsakiyar aiki, sai ya goge fayilolin masu bincike maimakon tsofaffin rahotannin da aka sa shi ya share. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma na'urar da ke kwafe alheri cikin daƙiƙa da wannan saurin take kwafe masifa.

Misalin da ya fi kowane fito da wannan gaskiya shi ne na kamfanin jiragen ruwa na Maersk. A ranar 27 ga Yuni na 2017 muguwar manhajar nan da aka sa wa suna NotPetya ta shiga kwamfutocin kamfanin daga ƙasar Yukren, ta ruguza dubban na'urori cikin ɗan lokaci, har da kwamfutocin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu, waɗanda aka baza a ofisoshi a faɗin duniya, kowace tana madubin 'yar'uwarta. An ɗauka yawansu shi ne kariyarsu, sai ga shi da yake duk a haɗe suke, duk tare suka tafi. Kwafi ɗaya ya rage a wani ofishin kamfanin a Afirka ta Yamma, inda ɗaukewar wutar lantarki ta yanke na'urar daga layi kafin annobar ta iso, aka ɗauki faifan a jirgin sama aka kai Ingila, daga shi aka sake gina tsarin. Abin da tsohon ma'aikaci yake yi da gangan idan ya zare kaset ya kulle a akwati, shi ne rashin wuta ya yi bisa tsautsayi, kuma hasarar kamfanin duk da haka ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Hasara ta biyu ita ce ta sanin wuri. Kalmar gajimare da ake kiran ma'ajiyar haya da ita tana sa a manta cewa bayanai suna zaune ne a wani gini mai bango da rufi, a wani gari, ƙarƙashin dokar wata ƙasa. A daren 10 ga Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa ƙurmus, ta taɓa na kusa da shi, sai wasu masu haya suka gano a ranar cewa ajiyarsu ta ko-ta-kwana tana cikin harabar da ta ƙone tare da asalin. A ranar 14 ga Maris na 2024 kuma manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, harkokin wasu bankuna suka tsaya, ma'aikatun da duk takardunsu ke wata nahiya suka zauna suna kallon allo. Fayilolinsu suna nan lafiya, amma hanyar zuwa gare su ta yanke, kuma a irin wannan rana ce ake tuna dalilin da ya sa jami'o'in wancan zamani suka gina madubai na gida, da kuma dalilin da ya sa aka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Hasara ta uku ta fi sauran ɓoyuwa, ita ce ta hannun da ya daina taɓa aikin. Muddin na'ura na yin komai da kanta, mutum yakan daina duba rahoton safe, kuma ajiyar da ta mutu ba ta kuka. A ranar 31 ga Janairu na 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, yana ƙoƙarin gyara madubin ma'ajiyar bayanansu da ya tsaya, ya ba da umarnin gogewa a kan asali yana zaton kwafi ne, kusan gigabayit 300 suka tafi kafin ya tsayar da shi. Da aka juya ga hanyoyin ajiya daban-daban da kamfanin ya tanada, sai aka tarar kusan babu wadda ke aiki yadda aka zata, wata ma ta daɗe tana faɗuwa a ɓoye saboda saɓanin sigar manhaja, saƙonnin gargaɗinta kuma ba sa isowa. Wani hoto da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin haɗarin shi ne aka dawo da shi. Kamfanin ya bayyana duk abin da ya faru a fili domin wasu su ɗauki darasi, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da ya kamata ya yi da nasa.

Abin lura shi ne yadda masu sana'ar suke komawa ga tsofaffin ladubba da sababbin kayan aiki. Ƙa'idar nan ta uku da biyu da ɗaya, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa a tsakiyar shekarun 2000, tana cewa a riƙe kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa, kuma tun da masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa suka koyi farautar ajiya kafin su kulle asali, an ƙara sharaɗin cewa kwafi ɗaya ya kasance a yanke daga layi ko a ma'ajiyar da ba ta karɓar gogewa. Kaset bai mutu ba, domin samfurin LTO da ya fara da gigabayit 100 a shekarar 2000 ya kai terabayit 18 a zubinsa na tara, kuma manyan cibiyoyi suna sayensa ne saboda halin nan nasa na kwanciya a kan shiryayye inda babu layin da zai kai gare shi. Ƙwararru sun fi son na'urar ajiya ta riƙa janyo fayiloli daga uwar garke da kanta maimakon uwar garke ta riƙa turo mata, domin idan ɓarawo ya shiga uwar garken kada ya tarar da makullin rumbu a rataye a bango. Manhajoji irin su Borg da restic suna ajiye tarihin kowace rana a kulle, rsync kuma tana da zaɓin gwaji wanda ke nuna abin da za a goge kafin a taɓa komai, ga wanda ya yi haƙurin dubawa.

Babu mai hankalin da zai so a koma zamanin jiran minti biyar a kan megabayit ɗaya, ko zamanin kalmar sirri da ke yawo tsirara a kan layi, kuma rufe ƙofofin FTP da aka yi a 2017 daidai ne. Abin da ya cancanci a ɗauko daga wancan zamani shi ne tambayoyin da ma'aikacin ɗakin sanyi yake iya amsawa ba tare da ya duba takarda ba: a ina kwafin yake, na wace rana ne, wa ke riƙe da makullinsa, kuma yaushe aka gwada dawo da shi na ƙarshe. Wahala ce ta koya masa amsoshin, wanda ya zo bayansa kuwa sauƙi ya ɗauke masa wahalar, don haka sai ya nemi amsoshin da niyya, ya ware rana a wata ya zaro fayil ɗaya daga ajiya ya buɗe shi da idonsa, ya bar kwafi ɗaya a baya da gangan inda labarin yau ba zai riske shi ba. Manomi yakan ware irin shuka ya ɗaure bakin tulun tun ranar girbi, lokacin da hatsi ya cika ko'ina kuma babu alamar yunwa, domin ya san ranar da za a buɗe tulun ba ranar neman iri ba ce.